Man Ɓawon Tanjirin da Ƙaron Maje

Duk wanda ya taɓa ɓare lemun tanjirin a kasuwar Birnin Gwari, ƙamshi ya gauraye masa yatsu tun bai kai ɓangare ɗaya baki ba, to haƙiƙa ya shaƙi man nan da mutanen Italiya ke matsewa daga ɓawon ba tare da wuta ba, su ɗura a 'yan kwalabe, masu ilimin tibbu na ƙamshi kuwa su ɗiga shi cikin ruwan ɗumi domin samun natsuwar zuciya da sauƙin barci. Asalin itacen tanjirin daga ƙasar Sin yake.

Amma wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu, domin dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, yana da itatuwan maje, waɗanda iyayenmu mata ke zuba ƙaronsu bisa garwashi, ɗaki ya ɗauki ni'ima. Abin takaici, rashin tsaro ya sa shiga dajin ya zama kasada.

Sai dai a kiyaye: ƙamshi ba ya maye gurbin likita. Kada a sha man ɓawon tanjirin, kada kuma a shafa shi zalla sai an sirka da man kaɗanya.