Ranar 3 ga Fabrairu a Tarihin Kano

Yau 3 ga watan Fabrairu, kuma a Kano shirin namu zai yada zango.

A rana irin ta yau ce, wata Talata a shekarar 1903, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta iso bakin ganuwar Kano. Daga Zariya ta taso, ta murƙushe Bebeji a hanya. Abin da ya sa labarin ke da ɗaci shi ne Sarki Alu ba ya gari. Ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa don yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a, ya bar birni a hannun Sarkin Shanu. Ganuwar da kakanni suka yi ɗaruruwan shekaru suna gini ta ɗan jure wa igwa, amma daga bisani aka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarkin Shanu bai gudu ba. A gidan sarki ya tsaya har aka kashe shi. Sunansa ya cancanci a riƙa ambata fiye da yadda ake yi.

Sauran labarin kun san shi. Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a yaƙin Kwatarkwashi, aka kama Alu, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926, Gwamna Lugga kuma ya naɗa Abbas sarki.

To, shekara 73 bayan nan, a wannan rana dai, ita ma Talata, wani ɗan Kano ya yi wa ƙasa jawabi daga Legas. Shugaban ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammed ke nan, a 1976. Ya mayar da jihohin Najeriya 19 daga 12, aka samu irin su Bauchi, Borno, Gongola da Neja, sannan ya sanar cewa za a ɗauke babban birnin tarayya zuwa Abuja, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Aguda. Jiharsa kuwa bai taɓa ta ba. Kano ta ci gaba da zama yadda gwamnatin Gowon ta yanka ta a 1967, sai a 1991 aka fitar da Jigawa.

Murtala bai ga ko tubali ɗaya na Abuja ba. Kwana goma da jawabin, ranar Juma'a 13 ga wata, masu yunƙurin juyin mulki su Dimka suka harbe shi a kan hanyarsa ta zuwa ofis, aka kawo gawarsa gida Kano aka binne. Allah Ya jiƙansa da rahama.