Kwanon da Aka Kwaso

Mai tuwo a tashar Birnin Gwari ba ta tambayar direba ko miya ta yi daɗi. Ta san amsar: "Madalla Hajiya, Allah ya yi albarka," ko da gishiri ya zarce, don kunya ba ta barin mutum ya kushe girki a gaban mai shi. Idonta na kan kwanon da yarinya ta kwaso. In an suɗe tas, gobe ta ƙara sanwa. In an bar rabi, ta san da magana.

Samarinmu masu kafa kamfanonin manhaja kuwa "madalla" suke bi. Yaro zai ƙera manhajar sanar da farashin masara, ya nuna wa manoman Dogon Dawa ko Randagi, kowa ya gyaɗa kai, ya koma birni yana cewa kasuwa ta karɓa. Alhali farashi ba ya ɓoyuwa, dillali na faɗa kyauta. Abin da ke hana manomin nan barci shi ne taki ya zo kafin damina ta yi nisa, buhunsa kuma ya bi ta Buruku ya isa Kaduna lafiya. A ƙarshen 2021 ma gwamnati ta katse layukan waya a yankin saboda 'yan bindigar da ke dajin Kamuku. To, da me za a buɗe manhajar?

Kamfanin Hello Tractor, da Jehiel Oliver ya kafa a 2014, ya fara da sayar da ƙananan taraktoci, sai ya ga kwano na dawowa da saura. Mai gona kadada biyu ba tarakta yake son mallaka ba, huɗa yake so a yi masa a makon da ruwa ya sauka. Kamfanin ya koma haɗa masu tarakta da manoma ta hannun wakilai a ƙauyuka. Shi ma kamfanin Babban Gona, da ya soma a jihar Kaduna a 2012, bashin iri da taki ya kai wa manoma, a biya bayan girbi.

A Nuwamban 2024, bayan sulhu da 'yan bindiga, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanun Birnin Gwari da ta shafe shekaru a rufe. Mai neman abin da zai kafa kamfani a kai ya je ya yini can, bakinsa a rufe. Zai ga wanda ya sayar da bijimi yana neman mai POS tun kafin la'asar, don ba ya son hawa hanyar daji da kuɗi a aljihu.