Dalma, ƙyalle da albarushi: yadda ake auna ɗurin bindigar toka

Jama'a, duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ya san ƙarar bindigar toka da farin hayaƙinta. Mu da muka taso a kara nan kudu ma ba baƙuwarmu ba ce, don maharba na yawan biyowa ta wajen iyayenmu da ita a kafaɗa. Abin da na lura shi ne, yawancinsu da ido suke auna ɗuri: a zuba albarushi a tafin hannu, a ce ya isa. To, akwai ƙasar da har yau ake farauta da bindigar da ake ɗurawa ta baki, amma komai da ma'auni, wato Amurka. Bari in bayyana yadda suke yi, don darasin ya shafe mu.

Tasu ta bambanta da tamu a abu ɗaya. Cikin bututun adakarmu sumul yake. Tasu kuwa an yi mata tsaga-tsaga masu murɗewa tun daga gindi har baki, domin dalma ta fita tana juyawa, ta tafi miƙe. Maƙera 'yan asalin Jamus da suka zauna a jihar Fensilbeniya ne suka shahara da ƙera irinta a shekarun 1700, kuma har gobe jihar na ware lokacin farautar barewa bayan Kirsimeti ga masu bindiga mai ƙyastu.

Abu uku ake sakawa a ciki: albarushi, ƙyalle, sai dunƙulen dalma. Kowanne sai ya dace da sauran biyun, kuma bututun ne ke yanke hukunci.

Mu fara da dalma. Ɗauki bindiga mai faɗin baki rabin inci, wato milimita 12.7, wadda suka fi amfani da ita wajen barewa. Ba a sa mata dalmar da ta cika bakin taf. Ana zaɓar mai inci 0.490, ko 0.495, domin a bar wa ƙyalle wuri. Nauyin irin wannan dunƙule ya kai giram 11 da rabi. Kuma zallar dalma mai taushi ake so, ba gauraye ba, don ita ce ke karɓar matsi. Ƙarfe kamar ƙusa ko boris ba ya lotsawa, bututun yake ci.

Sai ƙyalle. Aikinsa uku ne: ya riƙe dalma kada ta gangaro, ya toshe gefe kada ƙarfin wuta ya zurare, sannan ya shiga tsagar ya murza dalmar. Kaurinsa yakan kama daga inci 0.010 zuwa 0.018. Ka ga lissafin: tazarar da ke tsakanin dalma mai 0.490 da bututu ita ce 0.010, amma ƙyalle mai 0.015 yana naɗe gefe biyu, ya zama 0.030. Wannan rarar ita ce ke matsewa cikin tsagar. Dole ya zama auduga tsantsa mai saƙa a matse, irin yadin katifa ko matashi. Yadin roba narkewa yake, ya liƙe a ciki. Ana shafa masa maiƙo, kuma mutanen da kitsen rago suke narkawa su shafa. Wannan kam mu 'ya'yan kara ba sai mun saya ba.

Bayan harbi, gwanayensu kan taka 'yan taku gaba su tsinci ƙyallen a ƙasa su duba. In ya fito lafiya da baƙi-baƙi a tsakiya, ɗurin ya yi. In ya ƙone ko ya huje, ko dai ya yi siriri, ko maiƙo ya yi kaɗan, ko albarushi ya yi yawa.

Na uku albarushi, kuma nan ne rai yake. Ana raba shi bisa girman ƙwaya, da alamar Fg, FFg, FFFg da FFFFg. Yawan F, ƙanƙantar ƙwaya, kuma ƙaramar ƙwaya ta fi saurin ci. Mai rabin inci zuwa sama FFg aka saba ba ta, ƙananan bindigogi FFFg, shi kuwa FFFFg na ɗan kaskon ƙyastu ne kawai, ba a ɗura shi ciki. Ma'auninsu sunansa giren, giren 15 da ɗan ɗoriya ne giram ɗaya. Mai rabin inci akan fara ta da giren 50, a riƙa ƙara biyar-biyar ana harbin takarda, har a ga inda harbi uku ko biyar suka fi taruwa wuri guda. Nan ake tsayawa. Masu farautar barewa sukan tsaya tsakanin 70 da 90, kuma ba mai wuce iyakar da kamfani ya rubuta a takardar bindigar. Ƙarin albarushi bayan nan sai ƙarin hayaƙi da dukan kafaɗa, saiti ma lalacewa yake.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Waɗannan lambobi na bututun kamfani ne, wanda aka yi da ƙarfen da aka san ƙarfinsa. Adakar da maƙeri ya haɗa da bututun da ba wanda ya gwada ba ta cikin wannan lissafi, don Allah kada wani ya kwafa ya ɗura mata. Abin da za mu ɗauka shi ne ƙa'idojin da suka hau kowace bindigar toka.

Kada a taɓa farke harsashin zamani a juye garinsa a ciki. Wannan gari matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, yana tarwatsa bututu a hannun mai shi. Kada a zuba kai tsaye daga gora ko ƙaho, don in da sauran tartsatsi a ciki, gorar gaba ɗaya za ta tashi. A zuba a ɗan ma'auni tukuna. A tura dalma har ta zauna daram a kan albarushi, domin gurbin iska a tsakani na kumbura bututu ko ya fasa shi. A yi wa sandar ɗuri alama, a san tsawonta in bindiga fanko ce da in tana da ɗuri, saboda ɗuri biyu a kan juna ya raba mutane da yatsunsu. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana kallon inda ba kowa na aƙalla minti ɗaya, kada a leƙa.

Sai maganar takarda. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware wa bindigar da ake ɗurawa ta baki rukuni nata, kuma lasisinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, inda a ƙarshen Maris na 2025 aka kashe maharba 16 da suka taso daga Fatakwal za su Kano sallah, bayan an ga adaka a motarsu. Babu abin da ya halasta wannan kisa. Amma shawarata ga 'yan uwa maharba ita ce a nemi lasisi, a riƙe shi a jiki, sarkin Hausawan gari ya san da zamanka, kuma kada a hau mota da bindiga a ɗure. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mu baki ɗaya.