Hutun da ke kawo ciwo

Ɗan'uwa mai karatu, ka dubi dattawan garinku da kyau. Da yawansu su ne sunka gina tassa bisa fako. Cikin shekarar 1989 ne waɗansu manoman ƙasar Illela sunka tahi Yatenga, ƙasar Burkina Faso. Can sunka ga yadda ake gina ramu a zuba taki, ruwan sama ya tsaya ciki, hatsi ya yi kyau. Da sunka komo gida, aikin ya bazu gari-gari. Samarin wancan lokaci sun sha aiki. Yau su ne tsofaffi.

Yanzu ɗiyansu sun amshi hauya. Waɗansu kuma suna ci-rani Abijan ko Legas, suna aiko kuɗi. Sai a ce ma tsoho: "Baba, ka huta." Inna ma ta aje taɓarya, tun da ga injin niƙa, ga matan ɗiyanta. Wannan biyayya ce, kuma abu ne mai kyau. Amma akwai hutun da ke kawo ciwo.

Ni kaina na gani ga ƙanen mahaihina. Da ya bar gona, sai ya koma gindin bedi tun sahe har marece. Shayi sau uku da sukari mai yawa. Ko kasuwa za shi, sai bisa babur. Bai taɓa cewa wani wuri na yi mai ciwo ba. Wata rana da asuba ya tashi zai yi alwala, hannun dama ya ƙiya, baki ya karkace. Mutane sunka ce iska ce ta buge shi. Da munka kai shi asibiti, anka auna shi, sai likita ya ce hawan jini ne, kuma ya daɗe da shi.

Mi ne ne hawan jini? Zuciya ita ke tura jini cikin jijiyoyi, kamar yadda injin ban-ruwa ke tura ruwa cikin tiyo ga garkar albasa. In ƙarhin turawar ya yi yawa kullum, jijiya na iya toshewa ko ta fashe. In cikin ƙwaƙwalwa abin ya faru, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Shi ne ake ce ma tansiyo. Mugun halinshi shi ne, sau da yawa ba ya nuna alama. Hukumar lahiya ta duniya ta faɗi cikin shekarar 2023 cewa, cikin manya uku, ɗaya na da shi. Kusan rabinsu kuma ba su san suna da shi ba.

To, mi za ka yi?

Na farko, ka motsa jiki. Hukumar ta ce babban mutum shina bukatar motsi na minti 150 ko hiye cikin mako. Wato rabin awa, kwana 5. Ba sai ka yi gudu ko kokowa ba. Ka taka da ƙafa zuwa gona ko masallaci. Ka kai awaki kiwo. Ka yi ban-ruwa. Ke kuma ƴar'uwa, shara da tahiya rijiya da ziyarar dangi duk motsi ne. Ku yi tahiya da ɗan sauri, har jiki ya ɗauki ɗumi, amma kuna iya magana. Ku zaɓi sanyin sahiya ko marece, ku sha ruwa. Wanda ya daɗe zaune ya fara da minti 10, ya dinga ƙarawa. Tsohon da ke takawa kullum, ƙafahunshi na da ƙarhi, ba ya yawan faɗuwa. In ka ji ciwon ƙirji ko jiri, ka tsaya, ka tahi likita.

Na biyu, ka rage gishiri. Abin da ya kamaci mutum guda cikin yini bai kai garam 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Ka tuna dunƙulen magi ma gishiri ne ya hi yawa cikinshi. In an sa magi, an sa gishiri, an ƙara yaji mai gishiri, abin ya wuce kima. Daudawa da albasa da tafarnuwa na sa miya daɗi. Ga zogale, ga wake, ga kuɓewa, ga yakuwa, duk muna da su.

Na uku, ka rage sukari cikin shayi da hura da kunu. Yawan sukari da yawan zama na kawo ƙiba, ƙiba kuwa ƙofa ce ta ciwon sukari. Taba kuma, ta sha ko ta ci, ka rabu da ita.

Na huɗu, ka tahi a auna ka, ko kana jin garau. In ka kai shekara 40, ka yi awo ko da sau guda cikin shekara. Awon ba ya da zahi, ba ya ɗaukar lokaci. Za a gaya maka lamba biyu. In ta bisa ta kai 14, ko ta ƙasa ta kai 9, za a sake auna ka wata rana. Tun da yanzu ka iya rubutu, ka rubuta lambobin da kwanan wata cikin littahinka. In an ba ka magani, ka sha kullum, kada ka bari don ka ji sauƙi. Kada ka sayi ƙwaya ga masu talla.

Ciwo da lahiya duk na Allah ne, amma an ce riga-kahi ya hi magani. In kana da tsoho gida, kada ka amshe mai aiki duka. Ka bar mai ɗan abin da zai iya. Gobe da sahe in za ka gona, ka ce mai: "Baba, taso ka raka ni."