Jihar Kebbi: Sulhun Argungu da kukan ƙasar Zuru

Duk wanda ya tsaya bakin titi a unguwar Nasarawa da ke Birnin Kebbi zai ga motoci na wucewa ɗauke da taken jihar a jikin lambarsu, taken da ke kiran Kebbi ƙasar adalci. An zaɓi wannan kirari ne ga jihar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓalle daga Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991, aka haɗa masarautu huɗu wuri guda: Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru.

Biyu daga cikinsu, Gwandu da Argungu, sun shafe kusan shekara ɗari suna yaƙi da juna.

Yadda kamun kifi ya rufe babin yaƙi

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa sabuwar hedikwata a Argungu, daga can suka riƙa fafatawa da Gwandu da Sakkwato. Sarkin Kabi Yakubu Nabame ya sake tayar da bore a 1849, kuma in ban da ɗan tsagaitawar da ake kira Lafiyar Toga, ba a ajiye makamai ba har zuwan Turawa.

Ko bayan Turawa sun hana yaƙi, zukata ba su huce ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa zuwa Argungu, aka shirya masa gagarumin su a kogin Matan Fada domin karrama shi. Daga wannan ziyara ce bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da aka san shi da ita yau: dubban masunta da homa da gora suna afkawa ruwa lokaci guda, ga tseren kwalekwale da kamun agwagwa da sauran wasannin Kabanci.

Hukumar UNESCO ta saka bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, an farfaɗo da shi a Maris na 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Wannan sulhu ya ɗore. Yau jikokin waɗanda suka harbi juna da kibiya suna zaune a ofis ɗaya a Birnin Kebbi, suna auratayya, ba wanda ke tuna tsohuwar gaba sai a wasan barkwanci. Sai dai sulhu ne tsakanin manyan gidajen sarauta na kwarin Rima. Ƙananan ƙabilun kudancin jihar ba sa cikin wannan labari.

Lissafin kujera

A masarautar Zuru, mai ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, akwai Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da wasu ƙabilu. A gida ɗaya sai a tarar da Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya, abin da ba kasafai ake gani a sauran sassan Arewa maso Yamma ba.

Tun dawowar mulkin farar hula a 1999, gwamnoni huɗu aka yi a Kebbi: Adamu Aliero da Sa'idu Dakingari da Atiku Bagudu da Nasir Idris. Dukkansu daga masarautar Gwandu suka fito. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin goma daga cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar suna ƙarƙashin Gwandu. A zaɓen da yawan ƙuri'a ke yanke hukunci, mai rinjaye ba ya buƙatar ya ba kowa haƙuri.

Abin da Zuru ta samu shi ne kujerar mataimaki, wadda Kanar Sama'ila Yombe Dabai mai ritaya ya riƙe daga 2015 zuwa 2023. Ita ma Argungu, wadda bikinta ya zama fuskar jihar a idon duniya, ba ta fitar da gwamna ba a tsawon wannan lokaci.

Inda wuta ta fi ci

Ƙasar Zuru ta yi suna wajen ba Najeriya sojoji. Daga can Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, tsohon babban hafsan sojin ƙasa, ya fito, haka ma marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. Amma ƙasar da ta haifi janar-janar ita ce ta fi ko'ina a jihar ɗanɗana kuɗarta a hannun 'yan bindiga, saboda dazukanta sun haɗe da na Zamfara da Neja.

A farkon Yunin 2021, rundunar 'yan sanda ta tabbatar da kisan mutum 88 a wasu ƙauyukan Danko-Wasagu. Makonni biyu bayan haka aka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. Kwana kaɗan bayan haka, tawagar mataimakin gwamna kansa ta faɗa hannun maharan a garin Kanya, sojoji da dama suka rasa rayukansu. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 kuma aka kwashe ɗalibai mata 25 a makarantar kwana ta garin Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar.

Arewacin jihar ma bai tsira ba. A Nuwamban 2024 Lakurawa sun kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu. Bambancin shi ne kudu ta riga shiga wannan hali da shekaru, kuma nisanta da Birnin Kebbi ya sa kukanta kan iso a makare.

Uhola da golmo

Asarar ba ta tsaya ga rayuka da shanu ba. Al'adun Dakarkari a gona suke. Uhola biki ne na godiya bayan amfanin gona ya nuna, da raye-raye da kokawa, kuma a nan ake nuna samarin da suka kai munzalin shiga golmo, aikin noman da saurayi ke yi wa surukansa tsawon shekaru kafin a ba shi mata. Ta golmo ake gane mai juriya, ta nan kuma samarin gari ke koyon aikin gayya.

Idan mutanen ƙauye suka gudo cikin garin Zuru ko Ribah suka rakuɓe a gidajen 'yan uwa, babu gonar da za a yi golmo a cikinta. Yaran da suka tashi a gudun hijira kuma Hausa suke ji a kasuwa da makaranta, harshen C'lela sai a bakin kakanni.

Ba a ce ba a yi wa yankin komai ba. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga kwalejin noma ta Zuru zuwa jami'a, masarautar kuma ta mayar da Uhola bikin shekara-shekara haɗe da baje kolin amfanin gona a garin Zuru. Sai dai wanda ake yi a filin gari gaban manyan baƙi daban yake da na ƙauye, wanda dattawan gari ke sa wa rana bayan sun duba yadda damina ta kaya. A ƙauyukan da aka watse a Danko-Wasagu da Sakaba, babu dattijon da ya rage da zai sa wannan rana.