Baƙar Mota A Garin Ƙura: Yawancin Karcen Da Ke Jikinta Mu Muka Yi Shi Da Hannunmu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan uwa masu cewa data ba ta isarsu sauraron murya.

Yau maganar baƙar mota za mu yi. Na san wani zai ce, to ni da ko keke ba ni da shi, ina ruwana? Tsaya tukuna. Wataƙila kai ake aikawa ka wanke ta Baba, wataƙila kana aron ta Yaya ranar biki, wataƙila ma kana cikin samarin da ke cin abinci da wankin mota a Gusau. Ni ma ba ni da mota. Ta aro ce ta koya mini wannan karatun, kuma na sha kunya kafin in iya shi.

Bara da hunturu abokina ya yi aure a Tsafe. Na roƙi yayana ya ara mini motarsa, baƙar Honda Accord 'yar Kwatano, wadda yake lallaɓawa kamar ƙwai saboda yana shirin sayar da ita ya ƙara jari a shagonsa. Ya miƙo makulli ya ce, “Ka kula da ita.” Muka tashi daga Gusau, kafin mu wuce Kwatarkwashi motar ta fara komawa ruwan ƙasa. Da muka isa Tsafe ana shirin ɗaukar amarya, na ga ai bai kamata motar abokin ango ta shiga jeri a haka ba. Na buɗe but, na ɗauko tsumma, na goge ta tas tun daga gaba har baya, ba ko ɗigon ruwa. Da yamma na sake. Washegari na kai Inna gaisuwa Bungudu, can ma na sake gogewa. Ni a tunanina kula nake yi da ita.

A inuwa motar tana ta sheƙi. Sai ranar da dillali ya zo dubawa da tsakar rana, aka fito da ita fili. Wallahi jikinta gaba ɗaya kamar gizo-gizo ya yi saƙa, siraran farare-fararen layuka suna zagaye hasken rana. Dillali ya kewaya ta sau biyu, ya ce, “Alhaji, fentin nan ya gaji,” ya kama rage kuɗi. Yaya bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, “Allah Ya kyauta.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki motar na kai wa wani dattijo mai fenti a Gusau. Ya shafa bonet da bayan hannu, ya ce, “Wa yag goge motag ga ba ruwa?” Na ce, “Baba, ƙurar hanya ce ta yi mata haka.” Ya yi dariya ya ce, “Yaro, ƙura ba ta da hannu. Ita kwanciya tay yi, kai kad dirza ta.”

Maganar nan ce ta sa na koma na yi ta karatu a kan fenti, kuma abin da na gano shi nake so mu raba yau.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shimfiɗar farko da ke kama ƙarfe ta hana shi tsatsa. A kanta ake fesa launi, wato baƙin da muke gani. A can sama kuma akwai wani fenti garai-garai kamar ruwa, wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke kare launi daga rana. Kaurinsa yawanci tsakanin maikiron 40 ne zuwa 50. Maikiron ɗaya shi ne a raba milimita ɗaya gida dubu a ɗauki ɗaya. Don ka gane, takardar A4 da muke fotokwafi da ita ta kai kusan maikiron 100. Ka ga kenan duk kyawun motar nan rabin kaurin takarda ne ke riƙe da shi.

To ita ƙura fa? Mu muna ganinta kamar gari mai laushi, amma in aka duba ta da madubin ƙara girma, ɓarɓashin dutse ce. Hazon hunturu da ke rufe mu daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska ce ke kwaso shi daga Sahara, kuma babbar matattararsa ita ce kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Ga kuma namu na gida, yashi da jar ƙasar gefen hanya. Mafi yawan abin da ke cikin yashi wani ma'adini ne mai suna kwaz. A 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10. A ma'aunin nan farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, shi kuwa kwaz 7. Wato yashi yana iya karce gilashi ma, balle kiliya da ke can ƙasa kusa da farce. Duk wanda ya ɗora busasshen tsumma a kan mota mai ƙura, samfefa ya haɗa da hannunsa bai sani ba.

Wani zai ce, ai farar mota ma ana goge ta haka, me ya sa ba ta nunawa? Ita ma tana karcewa daidai da baƙar. Bambancin a ido yake. Bakin kowane karce yana watsa haske fari. Farin layi a kan farar mota ɓacewa yake, amma a kan baƙa kamar alli ne a jikin allo. Kuma zagayen nan da ake gani ba lallai sai an goge ta a zagaye ba. Karcen ya bi ko'ina, rana ce ke haska waɗanda suka dace da ita, sai su yi kama da zobe.

Abu na biyu da ke wahalar da baƙar mota shi ne zafi. Baƙi yana shanye hasken rana. A bazarar Gusau, Maris zuwa Afrilu, da zafi ke kai digiri 40, bodin baƙar mota da aka bari a rana yana iya haura digiri 70. Ka zuba ruwa a kan irin wannan ƙarfe, nan take zai ƙafe, ya bar gishiri da farar ƙasar da ke narke a cikinsa, musamman ruwan rijiya da na burtsatse. Su ne fararen tabon nan masu kama da sawun ɗigo. In suka daɗe suna gasuwa a rana, cin kiliya suke yi, wanki ba ya fitar da su.

To yaya za a yi? Ga abin da nake bi yanzu, kuma ba ya buƙatar kayan tsada.

Na farko, in ba ka da ruwa, bar mata ƙurarta. Mota mai ƙura ba ta lalace ba, datti ne kawai. Gara ka shiga taro da ita a haka da ka goge ta a bushe. Ka kuma hana yara rubuta “a wanke ni” da yatsa, don rubutun yana zama ko bayan an wanke.

Na biyu, lokaci da wuri. A wanke da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa. Ka taɓa bonet da bayan hannu, in da zafi a jira ya huce.

Na uku, ruwa ya riga hannu. Kafin komai ya taɓa jikinta, a kwarara mata ruwa daga rufi zuwa ƙasa, ya tafi da yashin da zai iya tafiya da kansa. Na san ruwa saye muke yi wajen 'yan ga-ruwa, amma jarka biyu in an yi dabara sun isa, kuma kuɗin jarka ba ya kama ƙafar kuɗin fenti.

Na huɗu, bokiti biyu. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Ka tsoma tawul a na sabulu, ka wanke gefe ɗaya, sai ka ɗauraye shi a ruwa zalla kafin ka mayar da shi cikin sabulu. Da ka gama ka leƙa gindin bokiti na biyu, za ka ga yashi kwance. Da bokiti ɗaya ne, duk wannan yashin jikin motar zai koma.

Na biyar, abin wanki. Tsohuwar singileti, soson buhu da burushi ba na fenti ba ne. A nemi tawul mai laushin nan da ake kira maikrofaiba, don gashinsa yana janye yashi ciki maimakon ya ja shi a kan fenti. In ya faɗi ƙasa, ya gama aiki sai an wanke shi. Taya da ƙasan ƙofa su samu nasu tsumman daban, kuma su ne na ƙarshe. A fara daga sama, a ja hannu a miƙe, ba dirzawa. Sabulu kuma a samu na mota. Garin sabulun wanki da duk muke kira omo an yi shi ne don cire maiƙo daga tufafi, saboda haka yana wanke kakin da ke kare fenti, yana kuma busar da robobin gefen gilashi.

Na shida, kada a bar rana ta busar da ita. A tsane ruwan da busasshen tawul mai tsabta, a shimfiɗa a ɗaga ko a ja a hankali. Bayan wata biyu ko uku a shafa mata kaki, wato waks. Ba ya hana karce mai ƙarfi, amma yana sa datti ya zame da sauƙi, ka ga an rage dirza.

Sai wurin ajiya. Kowa inuwar dogonyaro yake nema, amma can ne tsuntsaye da jemagu suke. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai ci, kuma a kan ƙarfe mai zafi yini ɗaya ya isa ya bar tabo. Kada a kankare shi da farce. A jiƙa tawul a ɗora na 'yan mintuna, in ya yi laushi a ɗauke. Rumfar kwano ta fi gindin itace. Rigar mota kuma a kan wankakkiyar mota kaɗai ake sa ta. In ka rufe mai ƙura, iskar hunturu za ta kwana tana kaɗa rigar, rigar tana goga yashi. A hanyar Tsafe ko ta Bungudu, ka ba tifa da tirela tazara, don tsakuwar da tayarsu ke harbowa tana fasa fenti har ƙarfe. Fetur in ya zuba a gefen tanki a ɗauraye da ruwa, man birki kuwa cin fenti yake, a wanke shi nan take. Masu biki, salatif da sitika a jikin fenti, a yi hattara. Mu 'yan majalisa kuma, bonet ba benci ba ne, ƙarfen aljihun jins yana yanka.

In ɓarna ta riga ta faru fa? Ka ja farce a hankali ka ƙetare karcen. In farcen bai maƙale ba, ko in ka zuba ruwa layin ya ɓace, to a kiliya yake, folish zai iya gyarawa. In farce ya maƙale, ko ka hango fari ko toka-toka a ciki, ya yi zurfi, sai mai fenti. In ƙarfe ya bayyana, a rufe shi kafin damina, don tsatsa ba ta jira. Amma ku riƙe wannan: folish ba ya cike karce, kankare kiliyar da ke kewaye yake yi har ta yi daidai da zurfin karcen. Kowane folish rage rabin takardar nan yake. Mai kai mota a saka mata inji duk wata, wata rana zai ga kiliya ta fara ɓarewa kamar fatar maciji, garin neman gira a rasa ido. Haka ma ruwan siramik da ake tallatawa a TikTok, yana taimakawa wajen sheƙi da sauƙin wanki, amma wanda ya ce maka mota ba za ta ƙara karcewa ba, talla yake yi.

Kalma ɗaya ga 'yan uwana masu wankin mota a Gusau, Tsafe da Bungudu. Sana'ar nan da wasu ke rainawa ilimi ce. Abin da ke tsakanin mai wanki da mai ɓata fenti bokiti ɗaya ne da tawul uku. Ka ware tsumman taya, ka fara da ruwa, ka faɗa wa mai mota dalilin da ya sa kake haka. Mai baƙar mota da ya gane ba ka karce masa fenti ba zai ƙetare wuraren wanki biyar ya zo wurinka, kuma shi zai kawo maka abokansa.

Ita motar Yaya, Allah Ya taimake ni karcen bai wuce kiliya ba. Dattijon nan ya yi mata folish sau ɗaya, na biya daga ɗan abin da nake tarawa, ya kuma gargaɗe ni cewa abin da ya kankare ba ya dawowa. An sayar da ita daga baya. Kwanaki Yaya ya sake miƙo mini makullin wadda ya saya, ita ma baƙa ce. Kafin in tayar sai da na buɗe but na duba. Babu tsumma a ciki, ya cire.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya.