Ruwan Shan Mombasa Daga Nesa Yake Zuwa

A kan tsibiri aka kafa Mombasa, babbar tashar jiragen ruwan Kenya. Teku ya kewaye garin, amma ba shi da kogi ko maɓuɓɓugar da zai bugi ƙirji ya ce tasa ce, don haka ruwan famfonsa daga wasu gundumomi ake jawo shi. A ƙidayar 2019 mutanen gundumar Mombasa sun haura miliyan 1.2, kuma ana ƙiyasta suna buƙatar kusan lita miliyan 200 a kullum. Abin da ke iso musu ko rabin haka bai kai ba. Masu kurar ruwa da ke tura jarkoki zuwa lungu-lungu, da tankoki, da rijiyoyin da ruwansu ke da zartsi, su ke cike giɓin.

Wurare huɗu ne ke shayar da gaɓar tekun. Akwai maɓuɓɓugar Marere a tsaunukan Shimba da rijiyoyin burtsatse na Tiwi, dukansu a gundumar Kwale, sai rijiyoyin Baricho a bakin kogin Sabaki cikin Kilifi. Amma wadda ta fi suna ita ce Mzima, can cikin gandun dajin Tsavo ta Yamma. Ruwan sama ne ke sauka kan tsaunukan Chyulu, ya nitse cikin duwatsu masu ramuka da aman wuta ya bari, ya tace kansa a ƙarƙashin ƙasa, sannan ya ɓulɓulo garai-garai a inda dorina da kada ke iyo. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka, a shekarun 1950, aka shimfiɗa bututu mai tsawon fiye da kilomita 200 daga nan zuwa Mombasa. Gangara kawai ruwan ke bi, ba ya buƙatar inji, shi ya sa ya fi sauran araha. Sai dai don ƙaramin gari aka auna bututun, ga shi kuma garuruwan kan hanya irin su Voi da Mariakani suna ɗibar nasu kafin ya kai bakin teku. Maganar shimfiɗa bututu na biyu ta daɗe tana yawo a bakin 'yan siyasa, kuɗi ne ya hana ruwa gudu.

Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya sanya ruwa mai tsabta cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ya kuma ɗora wa gundumomi nauyin kai shi gidaje. Dokar ruwa ta 2016 ta raba aikin: hukumar gwamnatin tsakiya mai kula da gaɓar teku ita ke riƙe da manyan bututu tana sayar da ruwa a kan sari, kamfanonin gundumomi kuma su raba wa jama'a su karɓi kuɗi. A takarda abin gwanin sha'awa ne. A zahiri kuwa, kusan rabin ruwan da kamfanin Mombasa ke karɓa ba ya dawo da ko sisi. Wani ya yoye ta tsofaffin bututu, wani an sace shi ta haɗin ɓoye, wani kuma mitarsa ta mutu. Kamfanin da ya yi asarar rabin hajarsa da me zai biya mai sari? Mai sarin kuma ga kuɗin lantarkin injinan Baricho na jiransa, har an sha yanke wa tashar wuta saboda bashi, famfuna su ƙafe daga Malindi zuwa arewacin Mombasa.

Babban abin da aka sa wa rai yanzu shi ne madatsar Mwache a Kwale, wadda Bankin Duniya ya ba da rancen gina ta, hukumar raya ƙasashe ta Faransa kuma ta shigo da kuɗin matatar ruwan. Shugaba William Ruto ya ƙaddamar da ginin a 2023, bayan jinkirin shekaru da ya haɗa da takaddamar diyyar filayen mazauna wurin. An tsara ta ba da lita miliyan 186 a rana. Lalle za ta kawo sauƙi. Amma ni a ganina, muddin ba a sauya ruɓaɓɓun bututun cikin gari ba, zuba ruwa a kwando za a yi, kuma rancen da aka ci da kuɗin waje sai an biya shi ko ruwan ya isa gida ko ya tsiyaye a hanya. Gyaran bututu da sauya mita ba aiki ba ne da ake yanka masa kyalle a gaban 'yan jarida, shi ya sa kullum yake zuwa a ƙarshen kasafi.

Ƙananan tsibirai kuwa ba su ma shiga wannan lissafi ba. Garin Lamu, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, da rijiyoyin tuddan yashin Shela ya dogara. Ruwan sama da ya nitse cikin yashin yana zama ne a saman ruwan gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. Masana sun nuna cewa duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara matakin teku, akwai kusan mita 40 nasa a ƙasa. Ke nan da an yi zarin zuƙa ruwan ya sauka kaɗan, gishiri zai taso da sauri, kuma rijiyar da ta yi zartsi kan ɗauki shekaru kafin ta warke. Gini a kan tuddan yana rage wurin da ruwa zai nitse, ga sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2021 tana jawo ƙarin jama'a zuwa yankin. A tsibiran Pate da Wasini har yanzu manyan kwarmin siminti ake ginawa a tara ruwan damina, a yi ta lallaɓa shi har rani ya wuce. Mutanen can ba su da yawan da kuɗin famfonsu zai biya bututun ƙarƙashin teku ko injin cire gishiri mai cin lantarki, saboda haka rance ba zai kai musu ruwa ba, sai dai gwamnati ta ware kuɗi daga baitulmali ta yi aikin kyauta.